Santiago Ramon y Cajal: Yaron wanzamin da ya bankaɗo sirrin ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwan da aka cire wa ƙari a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ya san zaman jiran da ke biyo bayan tiyata. An sa ɗan naman da aka ciro a kwalba, an ce a jira sakamako. Daga Bomo mutum ya zo, ko Samaru, ko Sabon Gari, hankalinsa ba zai kwanta ba sai takarda ta fito ta nuna ciwon daji ne ko ba shi ba ne.

Ɗakin da ake kai wannan kwalba shi ne ɗakin histoloji, wato inda ake nazarin naman jiki a ƙarƙashin madubin likita, wanda ake kira maikuroskof. Mutumin da ya fi kowa suna a tarihin wannan fanni shi ne Santiago Ramon y Cajal, ɗan ƙasar Sifaniya, wanda ake furta sunansa Kahal. Ya rasu a 1934, amma har yau ɗaliban likitanci na cin karo da zanensa a littattafansu.

Abin da ake yi wa naman

Kafin a gane girman aikin Kahal, sai an san matsalar da kowane ɗakin histoloji ke fama da ita. Nama yana ruɓewa, yana da taushin da ba ya yankuwa siriri, kuma idan an yanka shi siririn ba shi da launin da ido zai kama.

Don haka da farko ake tsoma shi a ruwan fomalin, wanda ke tsayar da ruɓewa. Wannan ne ya sa bai kamata naman da aka ciro ya kwana a leda ko cikin ruwan famfo ba, domin idan ya lalace babu gwanin da zai iya karanta shi.

Daga nan sai a zuƙe ruwan jikinsa da giyar asibiti, a wanke da wani sinadari mai suna zailin, a dasa shi cikin narkakken kakin farafin, irin na kyandir. Idan kakin ya daskare sai a ɗora shi a kan na'urar yanka da ake kira maikurotom, ta yanko shi da kaurin maikiron 4 ko 5. Maikiron 1000 ne ke yin milimita ɗaya, ka ga ke nan ko silin gashi ya ninka yankan nan kauri fiye da sau goma.

Mataki na ƙarshe shi ne rini. Ana ɗora yankan a kan gilashi a rina shi, galibi da sinadarai biyu: himatoksilin, mai ba cibiyar ƙwayar halitta launin shuɗi, da iyosin, mai ba sauran jikinta launin hoda. A taƙaice ɗakin histoloji marina ce, kuma a wajen rinin nan ne Kahal ya yi fice.

Ɗan kuka

An haife shi ranar 1 ga Mayu, 1852, a wani ƙauye mai suna Petilla de Aragon da ke arewacin Sifaniya. Mahaifinsa, Justo Ramon, likitan karkara ne da ya taso cikin talauci, mai tsanani a kan tarbiyya, kuma burinsa ɗan ya gaje shi.

Yaron kuwa zane kawai ya sa a gaba, ga ƙiriniya. Yana ɗan shekara 11 ya ƙera igwa da hannunsa ya fasa ƙofar wani maƙwabci, har aka tsare shi na wasu kwanaki. Da uban ya ga makaranta ta gagara, sai ya kai shi koyon sana'a wurin wanzami, daga baya kuma wurin baduku mai ɗinkin takalma.

A 1868 ne uban ya sauya dabara. Ya riƙa tafiya da shi tsohuwar maƙabarta suna tattaro ƙasusuwa, yana koya masa sunan kowanne, yaron kuma yana zana su. A nan ne zanen da ake yi masa faɗa a kai ya zama abin amfani, shi kuma karatun ya shiga ransa. Ya kammala karatun likita a Zaragoza a 1873, yana da shekara 21.

Zazzaɓi da madubin bashi

Soja ya fara shiga a matsayin likita. A 1874 aka tura shi Kyuba, inda Sifaniya ke yaƙi da masu neman 'yanci. Zazzaɓin cizon sauro da atini suka kusa hallaka shi, ya dawo gida a 1875 a rame.

A 1877 ya je Madrid jarrabawar digirin digirgir. Can ne wani farfesa, Aureliano Maestre de San Juan, ya nuna masa nama a ƙarƙashin madubin likita. Abin ya tsaya masa a rai. Ya tattara ɗan abin da ya rage masa na albashin soja ya karɓi madubi ƙirar Verick, yana biya kaɗan-kaɗan, ya haɗa da ƙaramar na'urar yanka. Da waɗannan ya buɗe ɗakin gwajinsa na farko, babu malami a kansa sai littattafai.

Ya auri Silveria Fananas a 1879, suka haifi 'ya'ya bakwai. Ita ce ta riƙa tattalin ɗan albashinsa, domin kaso mai yawa na tafiya ne wajen sayen sinadarai da mujallun kimiyya.

Ya samu kujerar farfesa a Valencia a 1883. Da annobar kwalara ta ɓarke a yankin a 1885, hukumar lardin Zaragoza ta sa shi bincike a kan cutar. Tukwicin da ta ba shi shi ne madubi ƙirar Zeiss ta Jamus, irin wanda albashinsa ba zai saya ba.

Rinin da aka gano a kicin

A zamanin, ƙwaƙwalwa ta gagari masana. Idan aka rina ta da rinin da aka saba, sai a ga cunkuson zare ba kai ba gindi, kamar wayoyin lantarki da suka harɗe a kan falwayar bakin kasuwa. Yawancin manyan masana sun ɗauka jijiyoyin duk a haɗe suke, tamkar ragar kamun kifi guda ɗaya.

A 1873 wani likita ɗan Italiya, Camillo Golgi, da ake furta sunansa Golji, ya gano wata hanya a kicin ɗin wani asibiti da ke garin Abbiategrasso, wanda ya mayar ɗakin gwaji. Zai jiƙa ƙwaƙwalwa a sinadarin fotasiyam daikuromet har ta yi tauri, sannan ya mayar da ita cikin ruwan gishirin azurfa. Abin mamakin shi ne, rinin ba ya kama dukkan ƙwayoyin. 'Yan kaɗan yake zaɓa ya baƙanta su tun daga tushe har ƙarshen rassa, sauran fili ya zauna rawaya. Kamar a ce cikin wayoyi ɗari an shafa wa biyu fenti, sai ka iya bin su da ido har inda suka tsaya.

Sai dai hanyar ba ta da tabbas. Yau ta yi, gobe ta ƙi. Shekara 14 ana yi mata riƙon sakainar kashi.

A 1887 Kahal ya ga samfurin wannan rini a gidan wani likitan ƙwaƙwalwa a Madrid, Luis Simarro, wanda ya koyo hanyar a Faris. A shekarar ce kuma ya koma Jami'ar Barcelona, ya duƙufa a kan gyara ta.

Dabarar ɗan tsako

Gyare-gyarensa ba su buƙaci sabuwar na'ura ba. Na farko, ya riƙa maimaita jiƙon sau biyu, sai rinin ya riƙa kamawa a kai a kai. Na biyu, ya riƙa yanka mai kauri, yadda reshen jijiya zai fito cikakke ba a datse shi ba.

Na uku shi ne mafi muhimmanci. Jijiyar babba tana sanye da rigar kitse, kamar robar da ke jikin wayar wuta, kuma rigar tana hana rini shiga. Sai ya koma kan 'yan tsakin da ba su ƙyanƙyashe ba da jariran dabbobi, waɗanda jijiyoyinsu ba su riga sun yi rigar ba, kuma ba su yi cunkoso ba.

A 1888, yana nazarin ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya ta tsuntsaye, ya ga abin da ya saɓa wa manya: kowace ƙwayar jijiya zaman kanta take yi. Rassanta na kai wa ga maƙwabciyarta su tsaya, ba sa narkewa a cikinta. Daga baya ya nuna cewa saƙo hanya ɗaya yake bi: ya shiga ta gajerun rassa, ya ratsa jikin ƙwayar, ya fita ta dogon reshe zuwa ta gaba. A kan wannan fahimta aka gina ilimin ƙwaƙwalwa na zamani.

Duk abin da ya gani da hannu yake zana shi. Yaron da aka hana zane ya bar wa duniya zanen kimiyya kusan 2,900.

Gani ya kori ji

Matsalar ita ce babu mai sauraren ɗan Sifaniya a harkar kimiyya a lokacin. Ya kafa mujalla da kuɗinsa a watan Mayun 1888, yana buga kwafi 60 yana aika wa masana a ƙetare. Shiru kake ji, domin kaɗan ne ke karanta Sifaniyanci.

A watan Oktoban 1889 ya biya wa kansa kuɗin jirgin ƙasa zuwa taron masana ƙirar jiki a Berlin, ɗauke da madubinsa da gilasansa. Ya jera su a kan tebur, jama'a na wucewa. Sai ya je ya jawo Albert von Kolliker, dattijo ɗan shekara 72 da ake ji da shi a fannin, ya kawo shi gaban madubin.

Dattijon ya duba, ya koma ɗakin gwajinsa ya maimaita aikin, ya samu abin da Kahal ya samu. Ya sauka daga tsohon ra'ayinsa, har ya koyi Sifaniyanci don ya karanta rubuce-rubucen wannan baƙo. A 1892 Kahal ya samu kujerar farfesa a Madrid, a 1894 kuma aka gayyace shi Landan ya gabatar da lacca.

Kyauta ɗaya, ra'ayi biyu

A 1906 aka raba kyautar Nobel ta fannin likitanci tsakanin Kahal da Golji. A Stockholm ne suka fara haɗuwa ido da ido. Golji, wanda ya fara lacca, ya tsaya kai da fata cewa jijiyoyi a haɗe suke, ya soki ra'ayin abokin rabonsa. Washegari Kahal ya gabatar da hujjojinsa.

Golji ba ƙaramin masani ba ne. Shi ne ya nuna cewa tashin zazzaɓin cizon sauro na zuwa daidai da lokacin da ƙwayoyin cutar ke fashewa daga ƙwayoyin jini. Amma a wannan gardama, mai rini ya kasa karanta abin da rininsa ya nuna. Sai a shekarun 1950, bayan dukansu sun rasu, madubi mai aiki da lantarki ya nuna ɗan siririn giɓin da ke tsakanin ƙwayar jijiya da 'yar'uwarta. Kahal ne ke da gaskiya.

Shi ma yana da nasa tabon. A 1920 saɓani ya sa ya sallami Pio del Rio Hortega daga ɗakin bincikensa, alhali wannan matashi ne ya gano wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da shi Kahal bai iya tantancewa ba.

Bai daina ƙirƙiro rini ba. A 1903 ya fito da sabuwar hanyar azurfa, wadda ya aro daga dabarar wanke hoto, sana'ar da yake sha'awa tun yana saurayi. A 1913 ya fito da wata mai amfani da zinare. Ya yi ritaya a 1922, matarsa ta rasu a 1930, shi kuma ya rasu a Madrid ranar 17 ga Oktoba, 1934, yana da shekara 82.

Darasin da ke ciki

Ɗalibin da ke haya a Bomo ko Samaru, yana layin jiran madubi a ɗakin gwaji, zai iya ganin kansa a labarin nan. Madubin Kahal bai fi na masanan Jamus ba, rinin ma ba nasa ba ne. Abin da ya bambanta shi shi ne ya zauna da hanyar da wasu suka yar, ya gano inda take ƙi, ya gyara.

Irin wannan tunani bai ɓace ba. Masu bincike a jami'o'in Najeriya sun gwada zoɓo da lalle da kurkur a matsayin rinin nama, domin neman madadin wanda ake shigowa da shi da kuɗin waje.

Amma kada masu riƙe da baitulmali su fake da labarinsa. Kahal bai ɗauki talauci abin ado ba. Madubin Zeiss da ya yi babban aikinsa da shi kuɗin hukuma ne ya saya. Bayan lambar yabon Moscow da ya samu a 1900, gwamnati ta buɗe masa cikakken ɗakin bincike. Daga 1907 har rasuwarsa kuma shi ya shugabanci hukumar da ke tura matasan Sifaniya ƙaro ilimi a ƙasashen waje.

Haƙurin ma'aikaci ba ya maye gurbin fomalin, ko kaki, ko wuƙar maikurotom, ko wutar da za ta narkar da kakin. Idan ɗaya daga ciki ya yanke, wanda ke biyan farashin shi ne majinyacin da danginsa ke zaune suna jiran takarda.