Waliyiya Monika: Uwa, Kaka, Mai Sulhunta Jama'a

An haifi Monika wajen shekara ta 331 a garin Tagaste, wanda yau ake kira Suk Ahras a ƙasar Aljeriya. Ashe 'yar Afirka ce kamarmu. Iyayenta Kirista ne, amma wata tsohuwar baiwa ta gidansu ce ta fi horar da ita. Tana yarinya akan aike ta ɗebo ruwan inabi daga rumbu, ta fara kurɓa kaɗan-kaɗan har abin ya zame mata jiki. Wata rana wata baiwa ta yi mata gori a kan haka. Kunya ta kama ta, daga ranar ta daina.

Da ta isa aure aka ba ta ga Fatirishiyus, ɗan majalisar garin. Ba Kirista ba ne, ga zafin rai, ga neman mata. Monika ba ta tanka masa in ya fusata, sai ya huce ta faɗa masa gaskiya. Bayin gida kuma suka haɗa ta da uwar mijinta, amma ladabinta ya sa tsohuwar ta gane, ta sa aka hukunta magulmatan. A cikin gari, in mata biyu suka yi faɗa, kowacce ta kawo mata ƙara, ba ta kai wa ɗaya zagin ɗaya. Abin da zai shirya su kaɗai take isarwa. Kafin mijinta ya rasu wajen 371, ya karɓi baftisma.

'Ya'yanta uku: Agustin, wanda aka haifa ran 13 ga Nuwamba, 354, da Nabijiyus, da mace ɗaya. Agustin ne ya fi su kai, shi ne kuma ya fi sa ta kuka. Ya tafi karatu birnin Kartej, ya zauna da wata mace ba aure, ta haifa masa ɗa wajen 372, aka sa masa suna Adiyodatus, wato kyautar Allah. Ya kuma bar bangaskiyar uwarsa ya bi koyarwar Mani har shekara tara. Da fari Monika ta hana shi gidanta, daga baya ta buɗe masa ƙofa, ta duƙufa da addu'a. Wani bishop da ta dama da roƙo ya tabbatar mata cewa ɗan da aka zubar wa hawaye haka ba zai ɓata ba.

A 383 Agustin ya yaudare ta. Ya bar ta tana addu'a a wani ɗakin sujada kusa da bakin teku, ya shiga jirgi da dare ya tafi Roma. Gari ya waye ba ɗa. Duk da haka ta bi shi har Milan a ƙasar Italiya, inda Ambros yake bishop. A can, da bishop ya hana kai abinci kaburburan shahidai, ta bar al'adar da ta saba tun daga gida, ta mai da hankali ga ba matalauta. A 386, lokacin da uwar sarki, Yustina, ta so ƙwace wata majami'a, Monika tana cikin waɗanda suka kwana a ciki suna addu'a.

Tana da nata kuskuren. Ta matsa a nemo wa ɗanta matar da ta dace da matsayinsa, aka mai da uwar Adiyodatus Afirka, aka raba ta da ɗanta. Auren ma bai yiwu ba. Yaron ya zauna tare da ubansa da kakarsa. A gidan gona na Kasisiyakum ita ce ta riƙe gida, tana kula da kowa kamar ita ta haife su, har tana sa baki cikin muhawarar malamai.

A daren Ista na 387 Ambros ya yi wa ɗanta da jikanta baftisma tare. Lalle mai haƙuri yakan dafa dutse. Suna hanyar komawa gida zazzaɓi ya kama ta a Ostiya. Ta riga ta shirya kabari kusa da na mijinta, amma ta umarci 'ya'yanta su binne ta ko'ina, su dai tuna da ita a gaban bagaden Ubangiji. Ta rasu a rana ta tara ta ciwon, tana da shekara 56. Jikanta ya fashe da kuka har sai da aka rarrashe shi.

Agustin ya zama bishop na Hippo, ya rubuta labarinta, ya rasu a 430. A 1430 aka mai da ƙasusuwanta Roma. Ikilisiya tana bikinta ran 27 ga Agusta, na ɗanta kuwa washegari.

'Yan uwana ɗalibai, a Bagega da Anka da Gummi da Bukkuyum akwai iyaye mata da kakanni da suke tashi da asuba suna yi mana addu'a, su daka, su sayar da abin hannunsu don kuɗin makarantarmu. Agustin ya yi shekara talatin da biyu kafin ya share wa uwarsa hawaye. In mun koma gida hutun nan, kada mu sa namu su jira haka.