Henri Mignet, Mai Kwarkwatar Sama

A cikin mutanen da suka yi suna wajen sha'anin jirgin sama akwai wani Bafaranshe wai shi Henri Mignet, ana faɗin sunan Anri Minye. Shi ne ya sa wa talakawan Turai rai cewa mutum yana iya ƙera jirgin sama a bayan ɗakinsa, ya ja shi zuwa wani fili a bayan gari, ya hau ya tashi. Mutane da yawa suka gaskata shi. Waɗansu suka tashi suka sauka lafiya, waɗansu kuwa nan ajali ya same su. Ya kamata malamai da ma'aikata su san labarinsa, don yana nuna nauyin da ke bisa wuyan wanda ya rubuta abu ya ce jama'a su bi.

An haife shi ran 19 ga watan Oktoba 1893 a yammacin ƙasar Faransa, wajen bakin teku. Tun yana saurayi hankalinsa ya tafi ga tashin tsuntsaye. Yana da shekara 18 ya fara musayar wasiƙu da Gustav Lilienthal na Jamus, ƙanen Otto Lilienthal wanda ya shahara da jirage marasa inji. A 1912 ya ƙera nasa na fari, shi ma ba inji. Da Yaƙin Duniya na Farko ya tashi a 1914 aka ɗauke shi soja, ya yi aikin wayar iska, har zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi asibiti a 1918.

Bayan yaƙi ya koma ga abin da ransa ke so. Ya ƙera wannan ya ƙera wancan, yana sa wa kowane haruffan sunansa biyu, H da M, da lamba. Yawancinsu ba su yi wani abin kirki ba. Da ya ke ba shi da dukiya, har kiwon kaji ya yi don ya sami kuɗin katako da inji. A 1926 ya auri Annette Triou, wadda ta zama abokiyar wahalarsa. A 1928 ya gama wani ɗan jirgi mai lamba HM.8, ya bayyana yadda ake yinsa a jaridar Les Ailes, daga baya kuma ya tara bayanin ya zama littafi, da rubutun hannunsa da zanensa. Nan mutane suka fara kwaikwayonsa.

To, amma akwai abin da ya dame shi, watau tuƙi. Jirgin da aka saba da shi abu uku ake sarrafawa a lokaci guda. In matuƙi ya ja sanda baya ko ya tura ta gaba, wani allo da ke kwance a wutsiya ya motsa, hanci ya ɗaga ko ya sunkuya. In ya kai ta dama ko hagu, waɗansu ƙananan alluna a bakin fikafikai su karkata jirgin. Da ƙafafu kuma yake juya allon da ke tsaye a wutsiya. Mignet ya ga haɗa ukun nan ya yi masa wuya. Ya kuma lura da abin da ya fi kashe masu koyo: in gudun jirgi ya ragu ainun, sai fiffike ya saki iska, jirgin ya faɗo yana juyi kamar katantanwa. Sai ya ƙudura zai yi jirgin da ba shi da wannan hali, wanda kuma kowa zai iya tuƙawa ba tare da doguwar makaranta ba.

Ya ɗauki tanti da kayan aiki ya tafi wani kurmi kusa da garin Soissons, arewa maso gabas da Faris, ya zauna can wata da watanni, yana gwaji, yana faɗuwa, yana gyara. Ran 10 ga watan Satumba 1933 jirginsa mai lamba HM.14 ya tashi. Ya sa masa suna Pou-du-Ciel, ma'anarsa Kwarkwatar Sama. Dalili kuwa, a lokacin Faransawa suna kiran ƙaramar motar nan ta Ford kwarkwatar hanya, don arharta da yadda ta bazu ko'ina. Shi ma haka ya so jirginsa ya bazu.

Ga yadda ƙirarsa take. Fiffike biyu gare shi, babba a gaba bisa kan matuƙi, ƙarami a baya ƙasa kaɗan, kusa da juna ƙwarai. Faɗin na gaba daga baki zuwa baki kamar ƙafa 20 ne. Ba allon kwance a wutsiya, ba ƙananan alluna a bakin fikafikai, ba kuma abin takawa da ƙafa. In an ja sanda baya, fiffiken gaba ɗungum shi ke ɗagawa, jirgi ya hau. In an kai ta gefe, allon wutsiya ya juya, kuma da ya ke bakin fikafikan a tanƙware suke sama, sai jirgin ya karkata da kansa ya sha kwana. Jikinsa katako ne da falanki marar kauri da gam da ƙananan ƙusoshi, fikafikan an rufe su da yadi. Injinsa irin na babur ne, mai ƙarfin doki 17. Mignet yakan ɗaura jirgin bayan babur ya ja shi bisa hanya har inda zai tashi. Iskar da ke bugowa daga gefe tana ba irin wannan jirgi wahala wajen sauka, saboda haka ya fi son buɗaɗɗen fili na makiyaya, inda matuƙi zai fuskanci iska ta kowace nahiya ta zo.

A watan Nuwamba 1934 ya fitar da littafinsa mai suna Le Sport de l'Air. A ciki ya ba da awon kowane katako, da irin kayan aikin da za a nema, da yadda mutum zai koya wa kansa tuƙi. Ra'ayinsa shi ne, aikin bai fi ƙarfin wanda ya iya ɗan kafinta ba. A ƙarshen shekarar nan aka nuna jirgin a babban taron nunin jirage na Faris, ya kuma tashi da shi gaban jama'a a filin Orly. Kafin a ce haka, ɗaruruwan mutane sun kama aiki, wani a garejin mota, wani a rumbu, wani a ɗakin kwanansa.

Abin ya ƙetara Ingila. Wata ƙungiya mai son yaɗa sha'anin jirgin sama, wadda Air Commodore Chamier ke riƙe da ita, ta sa aka juya littafin da Ingilishi, su kuma suka kira jirgin Ƙuma Mai Tashi. Wani saurayi, Stephen Appleby, shi ya fara tashi da irinsa a Ingila, a filin Heston, cikin watan Yuli 1935. Ran 13 ga watan Agusta Mignet da kansa ya ƙetare mashigin tekun da ya raba Faransa da Ingila, daga Saint-Inglevert zuwa Lympne, cikin ƙasa da awa guda. Kamfanoni suka ga kasuwa, suka shiga sayar da katako yankakke da ƙarafa da ƙafafu da injuna, mutum ya saya ya je gida ya harhaɗa. Waɗansu suka gyara injin motar Ford suka sa, wanda ya kusa ninka na Mignet ƙarfi.

Ana cikin wannan murna, sai labarin mutuwa ya fara zuwa. Na fari a Aljeriya ne, cikin watan Agusta 1935, sa'an nan a Marseille, sa'an nan a Caen. A 1936 mutum huɗu suka mutu a ƙasar Birtaniya, a Renfrew da Penshurst da Digby da Dyce. Faɗuwar kusan iri ɗaya ce: jirgi ya sunkuyar da hanci kaɗan, sunkuyon ya yi ta ƙaruwa, matuƙi ya ja sanda iyakar ƙarfinsa a banza, har jirgin ya kife ya bugi ƙasa. Abin mamaki, biyu daga cikin mamatan Ingila masu muƙamin hafsan sojan sama ne, gwanayen tuƙi. Yawancin 'yan koyo kuwa injinsu ba shi da ƙarfi, ko jirgin ya yi nauyi, sai su yi ta tsalle a fili ba su yi nisa da ƙasa ba. Rashin gwanintarsu shi ya tsirar da su.

Hukumomin Aljeriya da na Suwizalan suka hana tashi da shi. A watan Yuni 1936 Gwamnatin Faransa ta tsai da shi, ta sa aka kai guda ɗakin gwajin iska na Chalais-Meudon. Wannan wani ƙaton zaure ne da manyan fankoki, inda ake kafa jirgi a hura masa iska kamar yana tafiya, a auna yadda take tura shi. Ingilishi ma suka yi nasu gwajin a Farnborough cikin watan Agusta. Duka biyu abu ɗaya suka gano. In matuƙi ya tura sanda gaba don ya ƙara gudu, kamar yadda aka koya wa kowane gwani ya yi wajen sauka, sai hanci ya sunkuya; in kuma ya ja sandar baya don ya ɗago shi, sai bayan fiffiken gaba ya matso kusa da na baya. Iskar da ke bi ta tsakaninsu ta ƙara sauri, fiffiken baya ya ƙara ɗaga wutsiya, hanci ya ƙara nutsewa. In sunkuyon ya wuce wani haddi, ba sauran dabarar da za ta ɗago shi. Shi Mignet da ɗan ƙaramin injinsa da tafiyarsa ta sannu bai taɓa kaiwa wannan haddi ba, saboda haka bai san da ramin ba, ya aika da jama'a su bi hanyar. Gaskiyar masu iya magana, rashin sani ya fi dare duhu.

Da aka nuna masa aibin, sai ya koma kan aikin. Aka ƙara tazara tsakanin fikafikan biyu, aka sake siffar fiffike, aka sa sandar ƙarfe maimakon wayar da ke jan fiffiken gaba, aka kuma tsai da inda nauyin jirgi zai zauna. Da haka cutar ta warke. Amma suna ya riga ya ɓaci. A Ingila hukuma ta daina sabunta takardun izni, jirage da yawa suka ruɓe a rumbuna ba a gama su ba. A Faransa kuwa hayaniyar ta haifi wani abin amfani: a 1938 Gwamnati ta fito da takardar izni ta musamman don jiragen da mutane suka ƙera da kansu.

Sauran rayuwarsa yawo ne da ɗawainiya. A 1937 ya tafi Amurka ya kafa kamfani kusa da Chicago, abin bai yi albarka ba, ya komo gida. Cikin Yaƙin Duniya na Biyu ya tsara wani ɗan jirgi mai fikafikan da ake naɗewa, don amfanin soja. A watan Disamba 1944, cikin rikicin da ya biyo bayan korar Jamus daga Faransa, waɗansu 'yan bindiga suka harbe matarsa Annette. Bayan yaƙi ya fitar da tsarin HM.290 da HM.293, waɗanda mutane da yawa suka ƙera suka tashi da su lafiya. Sa'an nan ya bar ƙasar, ya zauna Ajantina, da Barazil, da Japan, da Maroko, ko'ina yana neman wanda zai ɗauki jirginsa, kāna ya komo Faransa. Ya rasu ran 31 ga watan Agusta 1965 a Pessac, kusa da Bordeaux, yana da shekara 71.

Abin da ya shuka bai mutu ba. Ƙungiyar masu ƙera jirgi a gida ta Faransa, wadda aka kafa bayan yaƙi, daga sunan littafinsa ta samo nata. A Amurka Paul Poberezny ya kafa irinta a 1953, ita ce ke yin babban taron nan na shekara shekara a Oshkosh. Yau mutum yana iya sayen jirgi a akwati ya harhaɗa a garejinsa, kamar Kitfox da ya fito a 1984, ko Zenith CH 701 na 1986. An yi su don sauka a gajeren fili, ko bakin kogi, ko kan tudu inda ba hanya, Kitfox kuma ana naɗe fikafikansa a ja shi da mota, kamar yadda Mignet ya ja nasa da babur.

Sai dai yanzu akwai sharuɗɗa. A Amurka dole mai jirgin ya yi fiye da rabin aikin da hannunsa, mai duba na hukuma ya zo ya bincika, sa'an nan a gwada jirgin a wani yanki da aka keɓe kafin a yarda ya ɗauki fasinja. Shi kansa matuƙin sai ya sami takardar tuƙi.

Masu karatu, Mignet mutum ne mai himma da kyakkyawar niyya, kuma ya gwada jirginsa da ransa kafin ya ba kowa. Inda ya gaza shi ne, ya auna abin da hannunsa kaɗai, da injinsa kaɗai, ya ɗauka haka zai kasance a hannun kowa. Malamin da ke tsara darasi, da magatakardan da ke rubuta umurnin da za a aika ƙauyuka, su ma takardarsu za ta faɗa hannun mutanen da ba su taɓa gani ba, masu hali dabam da kayan aiki dabam. Kafin a buga a rarraba, a ba wani ya gwada, a kuma nemi wanda ya fi sani ya auna. In aibi ya bayyana bayan haka, a koma a gyara kamar yadda Mignet ya yi.