William Jason Mixter (1880–1958) da Tiyatar Faifan Kwankwaso

1.0 Gabatarwa

A Rogo Ruma da ƙauyukan da ke kewaye da ita, idan manomi ya koka da ciwon da ke tasowa daga kwankwaso, ya bi cinya har ya sauka tafin ƙafa, akan ce sanyi ne ko amosani. Wannan suna shi yake ɗora shi a kan hanyar magani, ko dai ƙahon wanzami ko jiƙon sassaƙe. Likitocin Turai da Amurka su ma sun daɗe suna kiran tushen wannan ciwo da sunan da ba nasa ba. Wannan maƙala ta waiwayi rayuwar likitan da ya jagoranci gyara wannan kuskure.

2.0 Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi William Jason Mixter a birnin Boston na Amurka a shekarar 1880. Fiɗa gado ce a gidansu, domin mahaifinsa, Samuel Jason Mixter, likitan fiɗa ne a Babban Asibitin Massachusetts. Ya kammala karatun likitanci a Jami'ar Harvard a 1906, ya kama aiki a asibitin da mahaifinsa yake, kuma ya yi aikin kula da raunanan sojoji a Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Bayan yaƙin ya duƙufa a kan fiɗar ƙwaƙwalwa da laka, har ya zama shugaban wannan sashe a asibitin.

3.0 Kuskuren Suna

Tsakanin kusan kowace gaɓa biyu ta ƙashin baya akwai wani faifai na guringuntsi, mai tauri a gefe da taushi a tsakiya, wanda yake hana gaɓoɓin gugar juna. Idan gefen ya tsage, tsakiyar takan bulluƙo ta danne jijiyar da ke sauka zuwa ƙafa. Wannan ya fi aukuwa a faifai biyu na ƙarshe a kwankwaso.

Likitoci sun riga sun ci karo da wannan tsoka. A ƙarshen 1908 Fedor Krause ya cire irinta a Berlin, amma aka ɗauke ta a matsayin ƙari. A Dresden, Georg Schmorl ya nazarci ƙashin bayan gawawwaki masu ɗimbin yawa, ya bayyana yadda faifan yake bulluƙowa. A 1929 Walter Dandy ya ba da rahoton majinyata biyu da ya cire wa ɓallin guringuntsi, sai dai bayanin bai sauya fahimtar likitoci ba.

4.0 Aikinsa da Joseph Barr

A watan Yuni na 1932 Mixter ya yi wa wani matashi fiɗa, wanda ciwon ƙafa ya addaba bayan ya faɗi a wasan zamiya a kan ƙanƙara. Ya ciro wata tsoka daga kwankwasonsa, aka rubuta ta a matsayin ƙari, kuma ciwon ya kwanta. Joseph Barr, wani matashin likitan ƙashi da ya duba majinyacin tun farko, bai gamsu ba, domin a ganinsa ƙari ba ya fitowa dare ɗaya saboda faɗuwa.

Halin Mixter ya bayyana a nan. Duk da ya girmi Barr da kimanin shekara ashirin, bai kore shakkarsa ba. Suka koma kan tsokokin da aka ajiye daga fiɗar baya, suka gwada su da lafiyayyen faifai a ƙarƙashin madubin likita, suka tarar yawancin abin da ake kira ƙari faifai ne da ya fashe. Ranar 31 ga Disamba, 1932, aka yi fiɗar farko da likitoci suka shiga da sanin cewa fasasshen faifai za su cire. Sun gabatar da sakamakon a gaban ƙungiyar likitocin fiɗa ta yankinsu a Satumba 1933, aka buga shi a mujallar New England Journal of Medicine a Agusta 1934, ɗauke da bayanin majinyata 19.

5.0 Yadda Tiyatar Ta Bunƙasa

Hanyar Mixter tana buƙatar yanka mai faɗi: a cire murfin ƙashin da ke bayan gaɓar, a tsaga tantanin da ya lulluɓe jijiyoyi kafin a kai ga faifan. A 1939 J. Grafton Love na asibitin Mayo ya nuna za a iya bi ta tsakanin ƙasusuwan ba tare da tsaga tantanin ba. A 1977 Gazi Yaşargil da Wolfhard Caspar, kowanne a nasa ɓangaren, suka shigo da madubin fiɗa, yankan ya ragu ƙwarai. Daga baya aka samar da siririn bututu mai kyamara da ake zurawa ta ƙaramar kafa.

Nasarar ta zo da illarta, domin an shiga wani zamani da aka riƙa ɗora kusan kowane ciwon baya a kan faifai, aka yi wa mutane fiɗar da ba su buƙata. Abin da aka tabbatar a yau shi ne yawancin majinyata kan sami sauƙi cikin makonni shida zuwa goma sha biyu ba tare da wuƙa ba. Fiɗa takan wajaba idan ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko ƙafa ta fara shanyewa; idan kuwa fitsari ko bayan gida ya kuɓuce wa mutum, to ta zama ta gaggawa.

6.0 Kammalawa

Mixter ya rasu a 1958. A yau mutumin Rogo ko Ƙaraye da aka tura Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano saboda wannan ciwo yana cin gajiyar aikinsa. Sai dai kalmomin sanyi da amosani suna haɗa cututtuka mabambanta a inuwa ɗaya, ciki har da wanda jinkiri a kansa kan jawo nakasa. Nauyi ne a kan masu ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomin Hausa su zauna da likitoci su tsayar wa fashewar faifan kwankwaso suna guda, wanda majinyaci da wanzami da ma'aikacin asibitin ƙauye za su gane.