Harry Clarke, Gwanin Gilashin Majami'u

Yau za mu duba rayuwar Harry Clarke, mutumin ƙasar Ailan wanda ya shahara wajen yi wa majami'u tagogi na gilashi mai launi.

An haife shi a birnin Dablin ran 17 ga Maris, 1889. Mahaifinsa Joshua sana'arsa ƙawata majami'u. Mahaifiyarsa ta rasu a 1903, yana da shekara 14, sai ya bar makaranta ya shiga shagon mahaifinsa, da dare kuma yana zuwa makarantar koyon zane.

Aikin nan sai mai haƙuri. Za a yanka gilashi gunduwa-gunduwa, a yi zane a kai, a gasa a wuta, sa'an nan a haɗa da dalma. Clarke yakan ci fuskar gilashin da ruwan asid, ya kuma ɗora wani bisa wani, har shuɗinsa ya zama abin kwatance. A wani ɗakin sujada da ke birnin Cork, inda ya zana tsarkakan ƙasarsa wajen 1916, sunansa ya fara fita. Tagogin da ya yi a rayuwarsa sun haura 130.

Amma bai rasa baƙin ciki ba. Gwamnatin ƙasarsa ta sa shi yin taga domin Ofishin Ƙwadago na Duniya a Janeba. Da ya gama a 1930, sai hukuma ta ƙi aikawa da ita, wai wasu hotunan ba su dace ba. Tagar tana Miami ta Amurka yanzu.

Ga kuma tarin fuka da aka gano yana ɗauke da shi a 1929. Ya tafi jinya Dabos ta Suwizalan. Da ya ga jiki ya ƙi, ya kama hanyar gida don kada ya mutu a baƙon wuri, amma rai ya yi halinsa a garin Chur ran 6 ga Janairu, 1931, yana da shekara 41. Ya bar matarsa Margaret da 'ya'ya uku. Bayan shekara 15 aka kwashe ƙasusuwansa zuwa kabarin gama-gari, gama iyalinsa ba su san dokar garin ta sabunta kabari ba.

Kabarinsa ya ɓace, amma har wa yau masu sujada suna durƙusawa cikin hasken tagoginsa. Mu ma sai mu riƙe sana'ar da Ubangiji ya ba mu da aminci, ko an yaba ko ba a yaba ba.