Umaru Ganda, Ɗan Ci-rani Mai Shirya Sinima

Kowace shekara da an kau da amfanin gona, samarinmu na ƙasar Gusau da Tsafe da Bungudu sukan kama hanyar Kurmi neman kuɗi. Malamin da ke so ya fahimtar da almajiransa abin da ɗan ci-rani ke tararwa a can, ya kamata ya san tarihin Umaru Ganda.

An haife shi a Yamai cikin 1935, Bazabarme ne. Yana da shekara 16 ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indocina, wajen ƙasar Biyetnam ta yau. Da ya komo gida aiki ya faskara, sai ya nufi Abijan, ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa.

A can ya gamu da wani Bafaranshe, Jean Rouch, mai binciken zaman mutanen Nijar a bakin teku. Suka shirya sinimar nan Moi, un noir, wato Ni Baƙin Mutum, wadda ta fito cikin 1958. Umaru ne babban ɗan wasa, kuma da bakinsa ya ba da labarin: ɗaukar kaya, da ƙarancin lada, da yadda kuɗin mako ke ƙarewa a daren Asabar a unguwar Treichville.

Bayan ya koma Yamai ya koyi aikin, ya shirya Cabascabo, wadda aka nuna a Cannes ta Faransa cikin 1969. Labarin tsohon soja ne da ya komo da kuɗi, abokai suka taya shi ci, da suka ƙare kowa ya watse. Cikin 1972 wata tasa, Le Wazzou polygame, ta ci babbar kyauta a gasar sinima ta Wagadugu. Ya rasu ran 1 ga Janairu, 1981. Akwai gidan raya al'adu a Yamai da ke ɗauke da sunansa.

A ganinmu waɗannan biyu na farko sun cancanci a nuna wa 'yan makaranta a jere, ɗaya fita, ɗaya komowa, malam yana fassarawa. Yaron da ya gani zai auna tafiya tun bai ɗaura kaya ba, gama mai labarin shi ya ɗauki kayan da kansa. Allah ya jiƙansa, amin.