Santiyago Ramon Kahal: Likitan da ya gano yadda jijiya ke neman hanyarta

An haifi Santiyago Ramon Kahal a 1852 a ƙauyen Petilla da ke arewacin Sifaniya. Yaro ne mai taurin kai wanda zane ya ɗauke wa hankali, har mahaifinsa, wanda likita ne, ya gaji ya kai shi koyon wanzanci, daga baya kuma gyaran takalma. Duk da haka ya karanta likitanci, ya yi aikin soja a Kyuba, ya dawo da zazzaɓin cizon sauro da ya kusa halaka shi. A 1877 ya sayi madubin likita da kuɗin aljihunsa.

A wancan zamani, manyan masana sun ɗauka ƙwaƙwalwa raga ce guda wadda zarenta ke haɗe ba yankewa. A 1887 Kahal ya ga wata dabarar rina naman ƙwaƙwalwa da sinadarin azurfa, wadda Ba'italiye Kamilo Golji ya ƙirƙiro. Sai ya yi hikimar barin ƙwaƙwalwar manyan dabbobi, mai cunkoso kamar kurmi, ya koma kan 'yan tsakin da ba a ƙyanƙyashe ba. Nan ya ga kowace ƙwayar jijiya zaman kanta take yi, tana kusantar maƙwabciyarta ba tare da sun narke sun zama ɗaya ba.

Abin da ya fi ban mamaki ya zo a 1890. A lakar ɗan tsako mai 'yan kwanaki a cikin ƙwai, ya lura da wani ɗan kumburi mai yatsu a bakin kowane zaren jijiya da ke tsirowa. Naman da ke gabansa matacce ne, ba ya motsi, amma Kahal ya fahimci cewa wannan kan tsiron lalube yake yi. A 1892 ya kawo ra'ayin cewa wasu ƙwayoyin jiki na fitar da sinadarai, zaren kuma yana bin su kamar yadda tururuwa ke bin ƙanshin zuma. Ba shi da kayan aikin tabbatar da haka. Sai a 1994 masu bincike a Amurka suka tace irin wannan sinadari daga ƙwaƙwalen dubban 'yan tsaki, suka sa masa suna netrin.

A 1906 aka raba kyautar Nobel tsakaninsa da Golji, wanda ya yi amfani da jawabinsa na karɓar kyautar wajen sukar ra'ayin Kahal. Tarihi bai goyi bayan Golji ba.

Daga baya Kahal ya duƙufa kan dalilin da ya sa jijiyar hannu ke sake tsirowa idan ta yanke, ta laka kuwa ba ta yi, tambayar da har yau ke gaban likitocin masu shanyewar jiki bayan haɗarin mota. Ya rasu a Madrid ranar 17 ga Oktoba, 1934.