Sergei Winogradsky: Masanin da ya gano halittu masu cin ma'adinai

Sergei Winogradsky, masanin kimiyya haifaffen daular Rasha, shi ne mutum na farko da ya nuna cewa akwai ƙananan halittun da ido ba ya gani, waɗanda ke samun ƙarfin rayuwa daga ma'adinai irin su farar wuta da baƙin ƙarfe.

Ya rasu a shekarar 1953, to amma a kan bincikensa ne aka ɗora fasahar da ake amfani da ita wajen fitar da zinariya da tagulla daga duwatsu, da kuma tsamo guba daga gurɓataccen ruwa.

Batun ya shafi yankuna irin su Birnin Gwari a jihar Kaduna, inda ake haƙar zinariya tun zamanin Turawan mulkin mallaka, da maƙwabtansa na Zamfara da Neja, inda gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara.

Tasowarsa

An haifi Winogradsky a watan Satumban 1856 a birnin Kiev, babban birnin ƙasar Yukren a yanzu. Mahaifinsa lauya ne mai hannu da shuni, kuma shugaban wani banki.

Ya fara karatun shari'a a jami'ar Kiev, amma bai yi nisa ba ya watsar. Daga nan ya shiga makarantar koyon kiɗa ta birnin St Petersburg, inda ya yi kimanin shekaru biyu yana koyon kaɗa piyano.

A shekarar 1877 ne ya koma jami'ar St Petersburg, ya karanci kimiyyar tsirrai a hannun Andrei Famintsyn. Ya samu digirinsa na biyu a 1884, bayan wani nazari da ya yi a kan abincin yisti.

Binciken da ya fito da shi

A 1885 ya tafi birnin Strasbourg, wanda a lokacin ke hannun Jamus, domin yin aiki da fitaccen masanin tsirrai Anton de Bary.

A wancan zamani, hankalin masana irin su Louis Pasteur da Robert Koch ya fi karkata ne ga ƙwayoyin bakteriya masu haddasa cuta. An kuma ɗauka cewa duk wata halitta, in ba tsiro ba ce mai amfani da hasken rana, to dole ta ci abin da ya fito daga jikin wata halittar.

Winogradsky ya mayar da hankalinsa ga wata bakteriya mai siffar zare da ake kira Beggiatoa, wadda ke zaune a maɓuɓɓugan ruwa masu warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Ya riƙa duba ta a madubin ƙara girma kwana da kwanaki. Idan ya ba ta ruwa mai ɗauke da iskar nan mai wari, sai 'yan ɗigo-ɗigon farar wuta su taru a cikin jikinta. Idan kuma ya hana ta, sai ɗigon su riƙa raguwa har su ɓace.

A 1887 ya wallafa sakamakon binciken, inda ya bayyana cewa farar wutar ita ce makamashin wannan halitta, kamar yadda tuwo yake ga ɗan Adam.

A shekarar da ta biyo baya kuma ya juya ga bakteriyar da ke tara tsatsa a jikinta. Ita ce ke haddasa jar lakar nan mai yauƙi da akan gani a bakin wasu rafuka na fadama, ko a cikin bututun rijiyar burtsatse.

Ya ce waɗannan ma daga narkakken baƙin ƙarfen da ke cikin ruwa suke samun ƙarfi. Sai dai wasu masana, musamman Hans Molisch, sun musanta hakan, aka kuma shafe shekaru da dama ana taƙaddama.

Taki da ƙasar noma

Bayan rasuwar de Bary a 1888, Winogradsky ya koma birnin Zurich na ƙasar Suwizalan. A can ne, tsakanin 1890 zuwa 1891, ya ware bakteriya iri biyu, Nitrosomonas da Nitrobacter, waɗanda ke karɓa-karɓa wajen mayar da sinadarin ammoniya zuwa naitiret, wanda saiwar shuka ke sha cikin sauƙi.

Wannan aiki ne ke gudana a ƙarƙashin ƙasa a duk lokacin da manomi ya zuba takin gida ko yuriya a gonarsa.

Ya kuma tabbatar da cewa waɗannan halittu na gina jikinsu ne daga iskar kabon, kamar tsirrai, amma ba tare da buƙatar hasken rana ba.

Pasteur ya gayyace shi zuwa Paris, amma ya zaɓi komawa gida. A 1891 ya kama aiki a Cibiyar Binciken Likitanci ta St Petersburg, ya kuma shugabance ta daga 1902 zuwa 1905.

Murabus da gudun hijira

A 1905, yana ɗan shekara 49, ya ajiye shugabancin sakamakon rashin lafiya da gajiya da aikin ofis. Ya koma gandun iyalinsa da ke Gorodok a yankin Podolia, ya rungumi noma har na tsawon shekaru 15.

Juyin juya halin 1917 da yaƙin basasar da ya biyo baya sun raba shi da gonakinsa da dukiyarsa. Ya bar ƙasar a 1920, daga bisani ya samu mafaka a birnin Belgrade.

A can ya sake rubuta wata maƙala a kan bakteriyar baƙin ƙarfe. A 1922 shugaban Cibiyar Pasteur, Emile Roux, ya kira shi Faransa, ya damƙa masa ɗakin binciken ƙasar noma a garin Brie-Comte-Robert, kusa da Paris. A lokacin yana da shekaru 66.

A nan ya shafe sauran rayuwarsa, 'yarsa Helen tana taya shi aiki. Ya dage a kan cewa ba za a fahimci bakteriya ba sai an nazarce ta a cikin ƙasar da take zaune, tare da sauran halittun da take gogayya da su.

Ya tattara ayyukansa a wani babban littafi da ya fito a 1949, ya kuma rasu a watan Fabrairun 1953 yana da shekaru 96.

Daga ɗakin bincike zuwa mahaƙar zinariya

Tun yana raye aka samu hujjar da ta gaskata ra'ayinsa. A 1947 wasu masana biyu a Amurka, Colmer da Hinkle, suka gano wata bakteriya a cikin ruwa mai tsami da ke fitowa daga ramukan kwal, wadda aka tabbatar tana rayuwa da baƙin ƙarfe. A yanzu ana kiranta Acidithiobacillus ferrooxidans.

Kamfanonin tagulla ne suka fara cin gajiyarta. Sukan tara tsibin duwatsu marasa ma'adini da yawa, su riƙa yayyafa musu ruwa mai tsami, bakteriyar ta narkar da tagullar, ta gangaro tare da ruwan. Ana amfani da wannan hanya sosai a ƙasar Chile.

Ita kuwa zinariya, wani lokaci takan maƙale a cikin dutse mai farar wuta da baƙin ƙarfe, ta yadda daka da wanki ba sa fito da ita. A da sai an gasa dutsen, abin da ke fitar da hayaƙi mai guba.

A 1986 mahaƙar Fairview ta Afirka ta Kudu ta fara zuba niƙaƙƙen dutsen a manyan tankuna, bakteriya ta cinye abin da ya lulluɓe zinariyar cikin 'yan kwanaki. A 1994 aka buɗe irin wannan masana'anta a Obuasi ta ƙasar Ghana.

Bugu da ƙari, masana sun gano cewa fatar jikin bakteriya, da yisti, da fumfuna, da gansakuka, tana janyo narkakkun ƙarafa irin su dalma da zaiba su manne mata, ko da kuwa halittar ta mutu.

A 1984 mahaƙar zinariya ta Homestake a Amurka ta fara tace ruwanta da bakteriyar da ke wargaza gubar sayanaid, yayin da ƙarafan ke maƙalewa a jikinta.

Gubar dalma a arewacin Najeriya

A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa ƙurar duwatsun zinariya da ake dakawa a cikin gidaje tana kashe yara a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Aƙalla yara 400 ne suka rasu.

A 2015 lamarin ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, wadda ke iyaka da Birnin Gwari, kuma ɗaya daga cikin matsugunan al'ummar Kamuku. Hukumomi sun ce yara 28 ne suka mutu.

Bakteriya ba ta iya hallaka dalma ko zaiba. Abin da take yi shi ne ta tara su wuri guda, ko ta sauya musu siffa su daina bin ruwa, sannan mutum ya kwashe ya binne. Shi ya sa a garin Bagega na Zamfara, a 2013, sai da aka kankare gurɓatacciyar ƙasar gidaje aka zuba sabuwa.

Inda fasahar ta fi amfani shi ne a ruwan wankin zinariya, kafin ya kai ga rafukan da mutane da dabbobi ke sha.

Masana a jami'o'in Najeriya sun wallafa nazarce-nazarce a kan bakteriyar da suka samo daga ƙasar wuraren haƙar ma'adinai, wadda ke jure dalma tana kuma tsotse ta. Akasarin wannan aiki a ɗakunan bincike aka yi shi, kuma bisa ƙa'idar da Winogradsky ya bari, sai an gwada shi a kududdufan mahaƙan kansu kafin a san iyakar amfaninsa.